Teyatur ba dandamali: idan ɗan kallo ya shiga cikin labari

A shekarar 2012 wata ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo ta birnin Niyok mai suna Third Rail Projects ta buɗe wani wasa, Then She Fell, wanda mutum 15 kacal ake bari su shiga a zama ɗaya. Babu dandamali, babu jerin kujeru. Tsohon gini ne mai ɗakuna barkatai, kuma tun daga bakin ƙofa ake rarraba baƙi. Wannan a ja shi wani ɗaki shi kaɗai da ɗan wasa, waɗancan a zaunar da su gaban teburin shayi, wata a miƙa mata mataji a ce ta taje wa 'yar wasa kai, wani a ba shi alƙalami ya rubuta wasiƙar da ake yi masa shifta. Kowa yana riƙe da 'yan mabuɗai da zai buɗe akwatuna ya karanta abin da ke ciki. Wasan ya yi ta tafiya dare bayan dare har annobar korona ta tsayar da shi a 2020.

Irin wannan teyatur nake so mu warware, domin ya bazu a Turai da Amurka da Asiya cikin shekaru ashirin da 'yan kai, kuma ina da yaƙinin Damagaram na cikin garuruwan da zai karɓa, in an gane abin da ke riƙe da shi. Ana fitar da wasa daga zauren kallo a kai shi wurin da mutum zai taka da ƙafarsa ya shiga. Ana rage yawan 'yan kallo ƙwarai, wani lokaci har su koma mutum ɗaya. Sau da yawa kuma ana sa na'ura a tsakani, abin sauraro na kunne ko salula ko ɗan ƙaramin allo, don kowa ya sami nasa kason labarin. Amma ginshiƙin abin shi ne an ɗora wa ɗan kallo nauyi. Idan bai motsa ba, ko bai amsa ba, wani ɓangare na wasan ba zai faru ba.

Waɗanda suka fi fito da wannan salo fili su ne 'yan ƙungiyar Punchdrunk ta Ingila, wadda Felix Barrett ya kafa a 2000. Wasansu Sleep No More, da suka gina a kan labarin Macbeth na Shakespeare, ya fara a Landan a 2003, ya buɗe a Niyok a 2011 cikin wasu tsofaffin ɗakunan ajiya da aka mayar kamar otal, bai rufe ba sai farkon 2025. Ɗakuna wajen ɗari ne a hawa-hawa. Ana ba kowane ɗan kallo farin abin rufe fuska, a hana shi magana, a sake shi ya bi duk wanda ya ga dama cikin 'yan wasa, ko ya tsaya yana buɗe aljihun tebur yana karanta takardu. 'Yan wasan suna maimaita labarin sau uku cikin kusan awa uku, don wanda ya bi matar sarki a zagayen farko ya iya bin wani a na biyu. Abin ya yi kama da gidan babban biki: wanda ke zaure bai ga abin da ya faru a ɗakin amarya ba, wadda ke wajen tukwane ba ta ji abin da waliyyai suka tattauna ba, sai washegari in an zauna kowa ya kawo nasa, labarin ya haɗu.

Sai dai wannan wasa na ɗaruruwan mutane ne a dare ɗaya, kuma 'yancin da ke cikinsa na yawo ne kawai. Duk inda ka bi, wanda za a kashe sai an kashe shi. Abin da mutane suka fi ɗoki ma shi ne ɗan lokacin da ɗan wasa zai kama hannun mutum ɗaya ya shige da shi ɗaki ya rufe ƙofa, ya cire masa abin rufe fuskar, ya yi masa magana shi kaɗai na 'yan mintoci. Wasannin ƙananan taro sun ɗauki wannan ɗan lokacin ne suka mayar da shi dukan wasan.

A nan na'ura ta shigo, kuma wadda ta fi aiki a cikinsu ita ce ta kunne. Dalilin yana cikin halittarmu. Idan aka tafa hannu a hagunka, ƙarar tana riga isa kunnen hagu kafin na dama da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, tana kuma isa kunnen dama da ɗan rauni saboda kanka ya tare ta. Lanƙwasar fatar kunne ita ma tana sauya sautin gwargwadon ko daga sama ya zo, ko daga gaba, ko daga baya. Da waɗannan ƙananan bambance-bambance ƙwaƙwalwa ke gane inda abu yake ko ido na rufe. To, masu ɗaukar sauti sai suka ƙera kan mutum na roba mai kunnuwa, suka dasa makirfo a cikin kowane kunne. Wasu kuma su saƙala ƙananan makirfo biyu a kunnuwansu su da kansu. Duk abin da aka ɗauka haka, in ka saurara da abin kunne, za ka ji shi a inda ya faru. Mai raɗa yana bayan wuyanka, takun ƙafa yana zagaya ka daga dama zuwa hagu, sauro yana wucewa dab da kuncinka har ka kai masa mari. Sharaɗinsa biyu ne: dole da abin kunne, domin lasifika tana cakuɗa komai, kuma dole na hagu ya zauna a hagu.

Ƙungiyar Darkfield ta David Rosenberg da Glen Neath a Ingila ta gina sana'arta kacokan a kan wannan. Suna ɗaukar kwantena irin ta dakon kaya a jirgin ruwa, su gyara cikinta, su shigar da mutum ashirin zuwa talatin, kowa da abin kunne, su kashe fitila duhu ya yi baƙi ƙirin. A wasansu Flight na 2018 cikin kwantenar tamkar cikin jirgin sama ne, da kujerunsa da bel ɗinsa. Babu ɗan wasa ko ɗaya a ciki. Kunne ne ke zana komai. Duhun ma ba don tsoratarwa kaɗai ba ne. Sautin da aka ɗauka yana juyawa tare da kanka in ka waiga, don haka da ido na gani zai ƙaryata kunne nan take.

Wata hanyar ita ce ta Rimini Protokoll, ƙungiyar Helgard Haug da Stefan Kaegi da Daniel Wetzel a Jamus, kuma ita ta fi burge ni domin tana kai na'ura cikin rayuwar gaske. A Call Cutta in a Box na 2008 mutum ɗaya ne ɗan kallo. Zai shiga wani ofis ba kowa, waya ta yi ƙara, ya ɗauka, sai ga ma'aikacin cibiyar amsa kira daga Kalkata ta Indiya, su yi ta hira kusan awa guda har baƙunta ta fara gushewa. A Remote X, da suka fara a Barlin a 2013, mutum hamsin ne ke tafiya cikin gari da abin kunne, muryar kwamfuta tana ba su umarni, masu wucewa suna kallonsu su kuma suna kallon masu wucewa. Mafi sarƙaƙiya shi ne Situation Rooms, shi ma na 2013, a kan cinikin makamai a duniya. Mutum 20 ke shiga ginin da aka tsara, kowa riƙe da iPad mai nuna hoton da aka ɗauka a cikin wannan ginin ta idon wani mutum na gaske da makami ya shafi rayuwarsa: likitan fagen yaƙi, ɗan gudun hijira, mai aiki a masana'antar makamai. Kana bin hoton, in ya buɗe ƙofa ka buɗe, in ya zauna ka zauna. Lokacin da allonka ya nuna ana miƙo maka hannu, sai ka ɗaga kai ka ga wani ɗan kallo irinka yana miƙo hannu da gaske, domin nasa allon ya umarce shi da haka a daidai wannan daƙiƙa. Kowa ɗan wasa ne a cikin labarin ɗan'uwansa ba tare da ya yi gwaji ko sau ɗaya ba. Dukan sirrin yana cikin agogo: alluna ashirin suna tafiya tare, in ɗaya ta makara da 'yan daƙiƙu sai mutum ya miƙa wa iska hannu.

Yanzu maganar sa hannun ɗan kallo, wadda a ganina nan aka fi yin ha'inci. Augusto Boal, ɗan Barazil da ya rasu a 2009, shi ya shimfiɗa salon da ake nuna wasa a kan wani zalunci, sannan a sake shi daga farko, duk wanda ke cikin taro ya ga inda za a iya sauya lamarin ya ce a tsaya, ya fito ya karɓi matsayin wanda ake zalunta ya gwada tasa dabarar. Wannan salo ba baƙo ba ne a Nijar. Ƙungiyoyin wayar da kai sun daɗe suna yawo da shi kasuwa-kasuwa a kan auren wuri, rigakafi, zaman lafiya tsakanin manoma da makiyaya. Yana da amfani. Amma duk wanda ya tsaya a irin wannan taro ya san sau da yawa amsar tana aljihun mai gabatarwa tun kafin a fara. Ana tambayar jama'a ra'ayinsu, ana kuma jan su a hankali zuwa jumlar da mai ba da kuɗin aikin yake so a faɗa. Mutanenmu ba yara ba ne, suna ganewa, sai su ba da amsar da ake so a tashi. Haka ma na'ura za ta iya yin wannan yaudara da kyakkyawar fuska: a ce ka latsa ɗaya ko biyu, alhali duk wanda ka latsa wuri guda za ka faɗa. Idan an tambayi mutum, to amsarsa ta sauya wani abu da zai gani da idonsa, ko da ƙarami ne. In ba za ta sauya ba, gara a bar shi ya yi kallo cikin mutunci.

Abin da ya sa nake cewa Damagaram za ta karɓi wannan salo shi ne rabin aikin mun riga mun iya shi. Dubi tashe. Azumi ya kai kwana goma, an sha ruwa, yara su yi sallama su shigo har tsakar gida, ɗaya ya manna gemun auduga ya duƙa da sanda yana tafiyar tsoho, sauran suna amshi. 'Yan kallo ba su wuce mutanen gidan ba, mutum shida ko takwas a kan tabarma, tsakaninsu da mai wasa taku biyu. Uwar gida tana tsokanarsa, yana mayar mata, in ta ba da hatsi ko 'yan kuɗi wasa ya ƙare da addu'a, in ta hana ya ɗauki wani salo. Ga wasan kara, wanda garin nan ya yi suna da shi, inda samari ke shigar sarakai da manyan gwamnati da sojoji, da bindigogi da na'urorin ɗaukar hoto na kara, gari duka ya zama fage, mai wucewa ma a gaishe shi ko a tsare shi cikin wasa. Ko tatsuniya ba ta tashi sai masu sauraro sun amsa wa mai ba da ita. Sannan teyatur na zamani da ya bunƙasa lokacin samariya a mulkin Seyni Kountché, wanda ƙungiyar Yazi Dogo ta kai shi kowane gida ta rediyo da talabijin, an gina shi ne a kan 'yan wasa su yarda da ƙashin labari da baki, kowa ya ƙirƙiri maganarsa a fage. Ba'amurkiya Janet Beik ta yi nazari a kan wannan ta wallafa a 1987. Ɗan wasan da ya tashi a haka ya riga ya mallaki abin da ake wahalar koya wa waɗanda suka saba da haddar rubutu: yadda za ka karɓi maganar da ba ka zata ba daga bakin baƙo, ka juya ta ta koma cikin labari ba tare da fuskarka ta nuna ba.

Ga kuma wurin. Gidan gargajiya na unguwar Birni ko Zango an gina shi ne mataki-mataki: zaure, sannan farfajiya, sannan shigifa, kafin tsakar gida da ɗakuna, kowace ƙofa da irin wanda aka yarda ya wuce ta. Abin da Turawa ke kashe dukiya su ƙirƙira da katako da labule, magina sun riga sun yi mana da tubali da azara. Bangon ƙasa mai kauri yana tare sauti, har a yi fage biyu a ɗakuna maƙwabta ba tare da ɗaya ya dame ɗaya ba. Lungunan Birni masu lanƙwasa tsakanin manyan duwatsu ba sa nuna maka abin da ke gaba sai ka karya kwana. Tun 2006 tsohon garin da fadar Sarkin Damagaram suke cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa hukumar UNESCO don a sa su cikin kayan tarihin duniya. Labari kuwa ba a magana: ganuwar Sarki Tanimun, ayarin fatake da ke sauka a Zango, kisan Bafaranshe Kyaftin Cazemajou a 1898 zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, yaƙin Tirmini da Faransawa a 1899, shekarun da garin ya yi yana babban birnin mulkin mallaka kafin a mayar da shi Yamai a 1926. Marubuci André Salifou, wanda jami'ar garin ke ɗauke da sunansa, ya riga ya nuna da wasansa Tanimoune cewa wannan tarihi yana tsayuwa a fage.

Bari mu ƙaddara wasa guda mu ga yadda zai kasance. A ce mutum 12 ne, bayan sallar isha'i, a zauren wani tsohon gida a Birni. An karɓi takalma, an ba kowa abin kunne, an rage fitila. Daren da labarin Tirmini ya iso gari ne. Cikin kunnenka ka ji sukuwar doki ta taso daga nesa ta hagu, ta wuce ta bayanka, ta tsaya. Ka ji ana buga ƙyaure, ka waiga, ƙyauren gaske yana nan shiru. Murya ta ce ka cire abin kunne ka bi mai fitila. An raba ku uku. Kai ka faɗa tsakar gida, inda wata tsohuwa ke durƙushe tana ɗaure kaya cikin zane, hannunta na rawa. Ta ɗago ta dube ka, ta cusa maka wani ƙulli a tafin hannu, mai nauyi, da ɗumin jikinta a kansa.

"Ɗana, riƙe mini wannan amana. Duk wanda ya tambaye ka, ba ka gan ni ba."

A shigifa wani dogari ya tare ka, ya ɗaga fitila daidai fuskarka.

"Malam, me ke hannunka?"

Babu wanda ya gaya maka abin da za ka ce. Ka san wasa ne, amma ƙullin yana hannunka da gaske, idon mutum kuma yana cikin naka. Wannan 'yar daƙiƙar ita ake nema, kuma ba ta samuwa a taron mutum ɗari uku, domin a can kowa yana iya fakewa da na kusa da shi.

Daga nan wahalar marubuci take farawa. In ka miƙa ƙullin, dole a sami fagen da zai biyo baya. In ka ɓoye, dole a sami wani. Zaɓi uku masu rassa bibbiyu sun haifi ƙarshe takwas, zaɓi biyar sun haifi 32, kuma babu ƙungiyar da za ta iya gwajin wannan duka. Dabarar da masu sana'ar ke yi ita ce su bar rassan su rabu na ɗan lokaci su sake haɗuwa, amma kowane mutum ya iso mahaɗar da tabon zaɓinsa. Duk ku 12 za ku taru a zaure a ƙarshe, sai dai tsohuwar za ta zo ta karɓi amanarta daga hannun wanda ya riƙe, ta wuce wanda ya bashe ta ba tare da ta dube shi ba. Tarihi bai sauya ba, Faransawa sun shiga gari, amma abin da kai ka aikata a daren ya zama naka. Kuma tunda jikokin mutanen wancan zamani suna nan da ransu, gidajen sarauta da na malamai da na fatake da na waɗanda aka bautar, wanda zai taɓa irin wannan labari sai ya fara zama da dattawa, ya kuma ƙirƙiri mutanensa maimakon ya sa magana a bakin kakan wani.

Ta fuskar kayan aiki, ra'ayina a fili yake: kunne tukuna. Gilashin da ake ɗaurawa a ido ya nuna wata duniya ta kwamfuta yana da tsada, ƙura da gumi suna lalata shi, yana sa wasu jiri, kuma yana rufe wa mutum ido daga ainihin abin da ya kawo shi, wato bangon nan da ɗan wasan nan. Kwantenar ƙarfe a rufe kuwa, a garin da zafin bazara ke haura digiri 40, ba abin gwadawa ba ce. Abin da ke hannun jama'a ya isa farawa. Ana iya tura sautin cikin salular kowa tun da rana, ko a sa shi a katin ajiya, in an taru a buga ganga sau ɗaya kowa ya latsa tare. Matsalarsa wani zai makara, wani kira zai shigo masa a tsakiyar wasa. Hanyar da ta fi tabbas ita ce ƙaramar na'urar watsa sauti ta FM, domin yawancin ƙananan wayoyin da ke kasuwa suna da rediyo, igiyar abin kunne ita ce eriyarsu, kuma duk wanda ya kama tashar yana jin abu ɗaya a lokaci ɗaya, ba ruwansa da intanet. Sai dai wannan yana buƙatar a nemi izinin hukumar da ke kula da sadarwa, a kuma tabbatar na'urar da wayoyin suna raba sautin hagu da na dama, in ba haka ba dokin nan zai tsaya a tsakiyar kai. Komai ya zauna a kan batir da aka cika da sola, domin wasan da ɗaukewar wuta za ta kashe bai shirya ba. Kowane fage kuma a tanadar masa yadda ɗan wasa zai ci gaba da baki in na'ura ta ƙi.

Kuɗi shi ne inda wannan salo ya fi rauni, a ko'ina. A yi lissafi na misali. Zauren gidan matasa ya ɗauki mutum 300, kowa ya biya dala arba'in, wato sefa 200, an tashi da jaka 60 a dare ɗaya. Wasanmu na mutum 12, ko an sa jaka guda a kai, an kuma yi shi sau uku a dare, jaka 36 ne, ga 'yan wasa shida, da mai kula da sauti, da mai riƙe agogo, da hayar gida. Shi ya sa a Niyok tikitin irin waɗannan wasanni yakan haura dalar Amurka ɗari, ya zama abin masu hali. In aka kwaso shi haka zuwa nan, zai ƙare a matsayin nishaɗin manyan ma'aikata da baƙi, kuma wannan zai ba ni takaici ƙwarai, domin masu lungun su ne suka fi cancanta su ji labarin lungunsu. Mafita tana cikin abin da na'ura ta fi iyawa, wato maimaici ba gajiya. Sautin da aka ɗauka sau ɗaya zai yi shekara yana aiki, don haka ana iya rage 'yan wasa zuwa biyu ko uku a bar kunne ya ɗauki sauran. Makarantu za su iya kawo ɗalibai rukuni-rukuni a darasin tarihi. Dare ɗaya na masu iya biya zai iya ɗaukar nauyin dare biyu na 'yan unguwa. Gajiyar ɗan wasa ma a sa ta a lissafi: wanda ya yi kuka a gaban mutum ɗaya sau tara a dare ba daidai yake da wanda ya yi sau ɗaya a dandamali ba.

Akwai abin da ya fi kuɗi nauyi. Kusanci yana buɗe ƙofar cutarwa. A 2018 rahoton jarida ya fito a Amurka inda 'yan wasa da ma'aikatan Sleep No More suka ba da labarin yadda wasu 'yan kallo, suna fake da abin rufe fuska, suka riƙa taɓa jikinsu ba da yardarsu ba. Mu a nan rufe fuskar taron mutane da dare ba ma abin tunani ba ne a halin tsaron da ake ciki, kuma ko tafiya cikin lungu da abin kunne sai mai unguwa da maƙwabta sun sani tun da wuri. Duhu da cakuɗa maza da mata da kama hannu, waɗanda wasannin Turai suka ɗauka ba komai ba, a wurinmu suna iya rushe aikin tun daren farko, su kuma ɓata sunan 'yar wasa har abada. Babu abin da wasan zai rasa in an ware daren mata, da 'yan wasa mata, a cikin gida. Hasali ma ta haka zai kai ga matan da ba su taɓa taka zauren kallo ba. A maimakon kama hannu, gefen rawani ko hasken fitila ya isa jagora. A lura da wanda aka haɗa rukuni ɗaya, domin mutum ba zai buɗe baki a gaban surukinsa ba, kuma tilasta masa cin fuska ne.

Sai sirri. A babban birnin Turai wanda ka faɗa wa damuwarka a ɗakin wasa baƙo ne, ba za ku sake haɗuwa ba. A Damagaram ɗan wasan nan ƙanen abokinka ne, gobe za ku haɗu a fada ana dafa shayi. Wasan da ke tambayar mutum abin da ya fi nadama a rayuwarsa, irin wanda wasu ƙungiyoyin waje ke yi, a nan zai zama tarko. Tambayoyin su tsaya a cikin labari, a tambayi mutum a matsayin baƙon daren Tirmini, kada a tono nasa gidan. Kada a ɗauki murya ko hoton ɗan kallo. In an karɓi lambar waya don tura sauti, a goge ta in an gama, a kuma faɗa masa haka tun a ƙofa. A zaure, kafin a rage fitila, wani ya tsaya ya yi bayani da Hausa sarai: za a yi duhu na minti kaza, za a yi maka magana, ba wanda zai taɓa ka, kana da ikon yin shiru. Wanda ya ji abin ya yi masa yawa ya ɗaga hannu, ma'aikaci mai farar hula da ke tsaye a kowace ƙofa zai fito da shi waje ya ba shi ruwa, ba tare da an tambaye shi dalili ba.